Ƙasimu Mai Kwamfuta da Faifan Madam Kande

Da gyaran rediyo Ƙasimu ya fara a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani yayansa ya bar masa tsohuwar kwamfuta, ya yi ta kwance ta yana ɗaurawa har ya san cikinta. Kafin shekara uku ɗalibai da nas-nas sun saba da shagonsa, yana juya musu waƙoƙi da karatu daga faifai zuwa kaset. Mutum ne shiru-shiru, ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki.

Wata Asabar Madam Kande, malamar firamare da ke zaune a Daurawa, ta kawo masa faifan sidi naɗe cikin ɗankwali. Mijinta Tanko ya rasu da damina. Yana cikin mawaƙan cocinsu, kuma wani baƙo ya taɓa naɗar waƙoƙinsu ya aiko faifan daga Turai. Jikin kwalin faifan an rubuta akwai bidiyo, amma ita a gida sauti kawai take ji.

Ƙasimu ya bayyana mata cewa irin faifan nan gida biyu ne: na waƙa, da wani ɓangaren da kwamfuta kaɗai ke gani. Ya saka a kwamfutarsa mai tsarin Windows, waƙoƙi tara suka fito, ba bidiyo. Ya gwada a wata kwamfutar tasa mai tsarin Linux, ya ga ɓangaren yana nan amma ya kasa buɗe shi. Ganin faifan ya soma karcewa, ya fara kwashe waƙoƙin cikin kwamfuta, ya ce ta ba shi mako guda.

Sai rana ta biyar ya sami wata irin kwamfuta da ake kira Mac wajen Hajiya Basira, mai zanen katin biki a Babban Giji. Ana sakawa ya buɗe. Washegari ya kai Madam Kande can.

Bidiyon minti huɗu ne. Ga Tanko a layin baya da tabarau, ya shiga waƙa kafin kowa, ya rufe baki yana dariya.

"Haka yake, Malam Ƙasimu," in ji ta. "Bai taɓa jiran mai ganga ba."

Sau uku ta nemi a maimaita. Hajiya Basira ta ajiye aikinta ta zauna kusa da ita.

Ƙasimu ya ƙara kwana biyu kafin ya mayar da bidiyon kan faifan da injin bidiyo na gida zai iya nunawa. Da wayoyi suka kashe kasuwar kaset ya koma gyaran waya, a wannan shagon dai, har yau.