Shekarar da Kawu Ya Daina Kiran Salla

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne ladanin wani ƙauye kusa da Guri. Manomin shinkafa ne, idan ruwa ya ja baya kuma ya koma kamun kifi. Ni a Haɗeja nake koyarwa, amma duk hutu sai na leƙa shi.

Shekarar da jingar da ke tare wa garinsu ruwa ta ɓalle, da hantsi ruwan ya shigo, ana ji ana gani. Shinkafar da ta fara fitar da kai ta nutse, ɗakunan ƙasa suka riƙa zubewa. Amma ba wanda ruwan ya ci. Aka kwashe mutane a kwale-kwale zuwa wata firamare da ke kan tudu, kowa yana hamdala.

A makarantar ne amai da gudawa ya ɓarke. Tagwayen Kawu mata, waɗanda ya daɗe yana roƙon Allah kafin ya samu, ba a jima da yaye su ba, suka rasu rana ɗaya, guda da safe, guda bayan la'asar. Maƙabartar garin na ƙarƙashin ruwa, sai a gefen gonar wani aka rufe su.

Na iso ranar sadakar uku. Yana zaune a kan tabarma a gindin bangon aji, masu gaisuwa suna ta ba shi baki. Wannan ya ce jarrabawa ce, wancan ya ce Allah ya fi shi son su. Shi dai amin kawai yake cewa. Da azahar ta yi aka juyo ana kallonsa, bai motsa ba. Wani dattijo ne ya tashi ya kira salla.

Da jama'a suka ragu, ya ja ni bakin ruwa.

"Ɗana, idan ni ake jarrabawa, me ya sa su suka sha wuyar?" ya ce. "A hannuna ƙaramar take murƙususu. Ko magana ba ta gama iyawa ba."

Na faɗa masa abin da aka koya mana, cewa Ubangiji na da hikimar da bawa bai sani ba. Ya bari na gama, sannan ya ce shi ma ya sha faɗa wa wasu haka a wurin makoki, kuma a lokacin bai ji ƙarya yake ba.

"Ban ce babu Shi ba," in ji shi. "Da babu Shi ai da na huta, ba wanda zan tambaya."

Ko da ruwa ya janye aka koma gida, bai sake kiran salla ba. Yana zuwa masallaci, ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya fita. Wasu suka fara cewa ya taɓu, har sai da liman ya tsawatar, ya ce a ƙyale shi da Mahaliccinsa. Ciyawar kacala ta cinye gonarsa, bai yi yunƙurin nome ta ba. Daga baya ya dawo Haɗeja shi da matarsa, yana sayar da busasshen kifi a kasuwa.

Bara ɗana ya yi zazzaɓi mai tsanani, har mun fitar da rai, sai ya tashi. Kawu ya zo barka. Ya ɗauki yaron ya ɗora a cinya, ya daɗe yana shafa masa kai, sannan ya ce alhamdu lillahi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na ji a muryarsa. Ni ne na kasa ɗaga ido na kalle shi.