Kubura Sori Za Ta Makka

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Daura ya san Kubura. In bai san fuskarta ba, ya san kalmarta. Shekara goma sha bakwai ta yi tana shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti, kuma duk Turancin da ake zubarwa a wurin, tun daga likita har mai ba da kati, kalma ɗaya tak ta tsinta ta ƙulle a bakin zane ta kawo gida: sori.

Amma fa ta mori abarta. Yaro ya faɗi, "Sori, ɗan baba," da murya kamar an zuba zuma. Ta taka ƙafar akuya, sori. Maharazu mahauci ya yanka mata tsoka 'yar mitsitsiya, sai ta ja kalmar ta yi tsawo kamar igiyar guga, "Soooori, Maharazu," shi kuma ya san ƙari ake nema. A gidan biki da sori-sori take ratsa mata ɗari har ta isa gindin tukunya, ba mai tare ta. Maigidanta ya yi magana ba ta ji ba, sori. Ta ji amma ba ta so, nan ma sori, sai dai wannan gajeriya ce, kamar an bugo ƙofa. Akwai masu rantsuwa cewa wata rana ta yi tuntuɓe, dutsen ta fara ba haƙuri kafin ta duba yatsanta.

Sau ɗaya kalmar ta ci amanarta. Yayarta Hadijatu tana aure a Mai'adua, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ma ta goye ta. Da mijin Hadijatu, Malam Badaru, ya rasu, Kubura ta tafi gaisuwa. Ta shiga ɗaki cike da mata, ta ga yayarta a takure jikin bango, duk ta zabge a kwana ɗaya. Zuciyarta ta karye, baki ya riga hankali.

"Sori, Yaya."

Hadijatu ta ɗago jajayen idanu.

"Sori? Kubura, akuyata kika taka? Mijina ne ya mutu."

Kunya ta rufe Kubura. Maimakon ta gyara, sai ta suri takalmanta. A mota kunyar ta rikiɗe ta zama fushi, kafin a iso Daura ta gama yanke hukunci cewa ita aka wulakanta a gaban mutane. Shekara biyu cur, ko a suna suka haɗu, wannan ta kalli gabas, waccan ta kalli yamma.

Sai ɗan Kubura da ke aiki a Kano ya biya mata kujerar Makka. Lokacin kuwa shari'a ta shigo, kowace matar aure ta nemi dogon hijabi da jakar littafi ta nufi Islamiyya, har da Kubura, wadda ta fi kowa girman jaka. A nan malamarsu ta faɗa musu cewa aikin hajji yana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Kubura ta shiga zagayen bankwana da neman gafara kamar mai kamfen. Gida-gida ta bi. Ta roƙi maƙwabta, ta roƙi mai markaɗe, ta roƙi Maharazu har ya rasa inda zai sa kansa. Saura kwana huɗu a kira su sansanin alhazai, ta je wurin Iya, ƙanwar mahaifiyarsu.

"Na yafe miki," in ji tsohuwar. "Kin roƙi duk Daura har da kajin mutane. Mai'adua fa, an mayar da ita Nijar ne? Ko sai kin yi fasfo na biyu?"

"Iya, ita ce fa ta..."

"Tafi can. Ki je ki yi ta zagaya Ka'aba da yayarki a wuya, mu ga wanda zai gaji."

Washegari da hantsi ta isa Mai'adua. Ta tarar da Hadijatu a tsakar gida tana tankaɗe. Sallamar kawai ta amsa, ba ta shimfiɗa tabarma ba. Kubura ta durƙusa a ƙasa, gwiwoyinta suka yi ƙara kamar ana karya kara. Kalmar nan ta taso mata har bakin haƙori, ta danne ta da ƙyar.

"Yaya, zan tafi Makka. Don Allah don Annabi ki yafe mini."

Rariya ba ta tsaya ba.

"Na ji a gari. Me zan yafe? Ni ba ki yi mini komai ba. Gaisuwa kika zo, ba ki yi ta ba kika tafi. Har yau ina nan inda kika bar ni."

Sai Kubura ta gyara zama, ta ja hijabinta, ta sunkuyar da kai kamar tana cikin ɗakin nan na ranar gaisuwa, cike da mata.

"Yaya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari."

Hadijatu ta ajiye rariyar. "Haƙuri sai ma'aiki," ta ce. "Amin. Amin. Na gode da kika zo."

Suka yi kukan da ya kwana shekara biyu, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya rasu kuma. Hadijatu ta share fuska da hannu mai gari, ta koma fara fat.

"Na yafe miki duniya da lahira. Tashi, kada gwiwar nan ta mutu a gidana a ce ni na hana ki hawan Arfa. In kin je gaban Ɗaki ki ambaci Malam da sunansa. Yanzu karɓi rariyar nan, baƙuwa ba ta zo ta zauna ba."