Ashe Fuseini ne a bayan trotro

'Yan uwa, yau na zagi iyayen wani yaro a titi, ashe kaina nake zagi!

Da azahar ina dawowa daga Kasuwar Malam Atta, kwandon tumatir a kaina. Daidai unguwar Nima sai ga trotro, motar haya, a guje. Yara uku 'yan ƙaramar sakandare, JHS, sun maƙale a baya, kowa da hannu ɗaya, suna dariya!

Na ce, "Kai! Waɗannan ba su da iyaye ne?"

Ban rufe baki ba direba ya taka burki. Tim! Ɗaya ya faɗo kan kwalta. Na jefar da kwando na ruga, na juya shi. Innalillahi! Fuseini ne, autana!

Direba yana rantsuwa, "Wallahi Mma, ban gan su ba!"

Abokin Fuseini yana kuka, "Gasa muke yi. Wanda ya fara saki shi ne matsoraci."

Yanzu muna asibiti, ku sa mu a addu'a. Ƙafa ta karye, ana jiran hoton kai. Da ya buɗe ido ko wayyo bai ce ba. Cewa ya yi, "Mma, ki gaya musu ba saki na yi ba."