Bahagon Gungu da Giwan Ruwa

Kakata ba ta taɓa yi mana tatsuniya hannunta na zaune ba. Sana'arta bandar kifi, kuma a ƙauyenmu na bakin tafki, kusa da Wara, jiragen masunta ba su dawowa sai rana ta yi sanyi. Kafin a yanka kifi a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke, magariba ta yi. Da mun ci tuwo sai mu zagaye murhun bandarta da ke bayan gida, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta. Ita kuma tana kan 'yar kujerarta, tana juya kifi da hannu ɗaya, tana kore hayaƙi da ɗayan. Maigida take kirana, don sunan mijinta aka sa mini, kuma duk kifin da ya fashe a kan waya ni take miƙo wa.

Ta san labarai da yawa, na mutanen ƙarƙashin ruwa, na dorinar da ta yi abota da masunci, na kadan da ya haɗiye ganga. Amma wanda muka fi roƙo ba tatsuniya ba ne, labarin kakanmu ne, ɗan damben da ake ce wa Bahagon Gungu.

Kafin a datse kogi a Kainji, mutanenmu a kan gungu suke zaune, tsibiri a tsakiyar ruwa. Idan an cire amfanin gona, ruwa ya ja baya, sai a share fage a kan yashi a yi dambe. Wata shekara wani ƙaton mahauci ya gangaro daga arewa cikin jirgi da makaɗansa, bayan ya kashe duk wanda ya tsaya masa a garuruwan bakin kogi. A dambe kisa shi ne ka kai mutum ƙasa, ko da gwiwa ce ko tafin hannu ya taɓa. Ƙaton ya shiga fage yana kirari, samarin gungu kowa ya sunkuyar da kai. Sai ga kakanmu ya fito daga ruwa da ragarsa a kafaɗa. Ko jikinsa bai goge ba, ya miƙa hagunsa aka naɗe masa da zare. Suka yi ta zagaya juna har mutane suka fara gajiya da tsayuwa. Sannan ya saki hannu sau ɗaya, ƙaton ya durƙusa.

“Ina nan tsaye da ƙwaryar hurar Innata,” Kaka takan ce, tana dariya ƙasa-ƙasa. “Sai da munka isa gida nig gane na zubar da ita duka bisa ƙafafuna.”

A nan take tsayawa. Sauran mun san shi. Ta auri Bahago, suka haifi babana, sannan zazzaɓi ya ɗauke shi ana dab da tashin mutane daga gungu. Kabarinsa yana can ƙarƙashin tafki. Babana a lokacin ɗan yaro ne, bai riƙe ko kamannin fuskarsa ba.

Babana, Salihu, shi ma ya tashi ɗan dambe. Giwan Ruwa ake ce masa, kuma daga Yelwa har Shanga babu filin da ba a san sunan ba. A gida kuwa mutum ne marar magana. Lokacin da na yi wayo ya riga ya ajiye zare, saboda Innata ta matsa masa kuma kafaɗarsa ta fara ciwo da sanyi. Da dare yakan jingina da bangon da ke kusa da murhu yana ɗinkin raga, yana jin labarin ubansa tare da mu kamar yau ya fara ji.

Mutum biyu ne suka kawo gardama wurin wutar nan. Ɗaya Mamman makaɗi, tsohon da ya yi wa kakana kiɗa yana saurayi, ya kuma yi wa babana da girma ya kama shi. Ɗaya kuma Kawu Isa, ƙanen Innata, wanda ya sha raka babana filaye. Ba su taɓa zama tare ba su ɗauko maganar ba: da Bahagon Gungu da Giwan Ruwa za su gamu, kowa yana kan ganiyarsa, wa zai kashe wani?

Mamman cewa yake babu ma abin gardama. Mutanen wancan zamani a kan yashi suke dambe, inda ƙafa ke nutsewa, babu mai busa usur ya raba ku ku sha iska. Wanda ya yini yana tuƙa jirgi da hannu a kan igiyar kogi, ina za a haɗa damtsensa da na mai jirgin inji? Kawu Isa sai ya yi tsaki ya ce Bahago mutum nawa ya gani, ban da na bakin kogi? Giwan Ruwa ya shiga mota ya je garuruwan da ba a jin yarensu, ya kara da dogo da gajere, da mai kai ƙafa, da mai damben wayo. Ya fi sauri, ya fi sanin hannu. Kuma bahago ba ya ba shi tsoro, ya kashe su ba adadi. Mamman ya ce waɗannan masu hagu ne kawai, Bahago ɗaya aka yi. Mu yara muka rabu gida biyu, har mukan yi kokawa a kai da safe a hanyar makaranta. Ni kaina ban san inda zan tsaya ba, ga mai sunana ga ubana.

Shekara na tafiya, Bahago na ƙara girma a bakin Mamman. Ƙaton mahaucin nan ya zama ƙarti biyu. Daga baya ya zama Bahago bai taɓa ko tuntuɓe a fage ba. Kaka tana ji, ba ta gyara masa, ba ta kuma cewa haka ne. Babana ɗan farinta ne, kuma a tarbiyyar da aka yi mata uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa a gaban mutane. In za ta ba shi saƙo, mu take gaya wa ko da yana zaune a gabanta. Mun saba da haka har ba mu ganin komai a ciki.

Wani dare Mamman ya wuce gona da iri. Ya ce Bahago da furfura a gemunsa yana kisa, ga wasu kuwa sun ajiye zare tun gemunsu na baƙi. Babana ya ajiye ragar da ke hannunsa, ya dubi mahaifiyarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba.

“Inna, ke kin ga nashi, kin ji labarin nawa. Da mun gamu, wa za shi kashe wani?”

Kaka ta juya wata karfasa da ba ta isa juyi ba. Ta ce mini in ƙaro icce. Sai da na dawo na zuba, wuta ta kama, sannan ta ce, ba ta dubi kowa ba, “Ni ban san damben zamani ba. Wanda nis sani, ruwa ya ruhe shi.”

Babana ya yi murmushi, ya ɗauki ragarsa ya ci gaba da ɗinki.

Da lokacin kaka ya yi aka shirya babban wasa a Yelwa. Akwai wani yaro da ke tashe a lokacin, wanda babana ya kusa haifarsa. Masu shirya wasa sun sha aiko wa babana yana ƙi, wannan karon ya amsa. Innata ta yi kuka, ta yi fushi, ta je ta durƙusa gaban Kaka ta ce ta hana shi, ita kaɗai zai ji. Kaka ta aike ni in gaya masa kafaɗar nan ba ta warke ba. Na je na gaya masa yana naɗe zarensa. Ya shafa kaina ya ce in ce mata ya ji.

Ban ga wasan ba. Kawu Isa ne ya ba da labari daga baya, cewa babana ya fara da kyau har fili ya rikice da ihu, sannan hannunsa ya yi nauyi, yaron ya same shi a gefen kunne. Ya faɗi da ƙeya. An kwantar da shi asibiti, aka dawo mana da shi da ransa, amma ba mutumin da ya tafi ba ne. Hannunsa na dama ya riƙa rawa, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Raga ta gagare shi. Hankalinsa kuwa yana nan sarai, kuma ina jin wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Mamman bai sake zuwa bayan gidanmu ba. Kaka ta ci gaba da bandarta, mu ma muka ci gaba da zagaye ta, amma sai ta yi ta juya kifi har mu watse babu tatsuniya. Babu wanda ya yi ƙarfin halin roƙon labarin Bahago. Da yamma Innata kan shimfiɗa wa babana tabarma a wurinsa na da, saboda ɗumin wuta yana yi wa jikinsa daɗi.

Damina ta zo ta wuce a haka. Sai wani dare, ba wanda ya roƙa, Kaka ta gyara murya ta ce ga wata tatsuniya nan ta kawo mana, mu buɗe kunne. Muka amsa a tsorace.

Ta ce wata shekara an yi fari har tafki ya janye, tsohon gungu ya fito da yashinsa. Mamatan gungu suka tashi daga barcinsu suka share fage. Bahago ya fito, gemunsa baƙi wuluk, domin mutumin ya bar duniya ko furfura ɗaya babu a jikinsa. Ya tambaya ko a bayansa an yi wani namiji. Aka ce akwai wani yaro. Aka kawo yaron. Ta faɗi yadda yaron yake tsayuwa, yadda yake sunkuyar da kafaɗar hagu, yadda yake taɓa ƙasa da yatsan ƙafa kafin ya kai hannu. Duk wanda ya taɓa ganin babana a fili ya san shi ne, kuma ba abu ne da ake sani daga ji ba. Kawu Isa ya buɗe baki yana kallonta. Ashe ta sha rufe fuska da mayafi ta tsaya cikin masu tallar fura a Wara, ta kalla ta dawo gida kafin kowa.

Suka zagaya juna, in ji ta, suka sake zagayawa. Bahago yana neman kafar da zai saki hagu, babu. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu. Sai ya ja da baya, ya warware zarensa, ya sunkuya ya dafa yashi da tafin hannunsa.

Wata ƙanwata ta ce ai tausayin ɗansa ya ji.

“Tausayi?” Kaka ta ce. “Mutumin nan bai san tausai ba cikin hwage. Dambe yas sani. Ya ga abin da yag gani.”

Ba ta rufe da abin da ake rufe tatsuniya ba. Ta koma kan kifinta. Na waiwaya na ga babana ya ɗaga hannun nan mai rawa yana son ya share fuskarsa, hannun ya ƙi zuwa inda yake so. Ya buɗe baki ya yi ta fama, har ya samu ya ce, “Inna.” Kaka ta ce mini in kai masa ruwa.

Babana bai ga wata daminar ba. Ita ma ba ta daɗe a bayansa ba, kuma tsakanin rasuwarsa da tata ban sake jin ta yi tatsuniya ba.

Na daɗe ina jin haushin Mamman, na kuma daɗe ina jin haushinta ita ma, ko da yake ban taɓa faɗa ba. Sai da na girma na gane babana ba da yaron Yelwa ya je karawa ba. Da mamaci ya je karawa, mutumin da ba ya gajiya, kafaɗarsa ba ta ciwo, kowace shekara kuma ana ƙara masa tsawo. Mai rai ba ya cin irin wannan wasa. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya raba su, ita kuwa an koya mata tun tana yarinya cewa yabon ɗan fari rashin kunya ne. Ta riƙe abin da aka ba ta da gaskiya, har ya cinye mata ɗa.

Yanzu a Yelwa nake zaune, ina gyaran injin jirgi. Ɗana na fari bai san dambe ba, ƙwallo yake bugawa, kuma in gaskiya za a faɗa ba wani gwani ba ne. Kwanan baya sun yi wasa a filin makarantarsu, aka ci su, ya fito kansa a ƙasa. Na ratsa mutane na kira shi da sunansa da ƙarfi, na ce na ga yadda ya tare ƙwallon nan ta ƙarshe, ban taɓa ganin mai tsaron baya kamarsa ba. Wani dattijo a gefena ya dube ni ya ce, Malam, ba ɗan farinka ba ne? Na ce shi ne. Ya girgiza kai ya ce zamani ya lalace. Yaron kuwa har muka isa gida yana tafiya kafaɗarsa na gogar tawa.