Jego Ya Karɓe Ta

Ni ce na riƙa dama wa ƙanwata kunun kanwa, da hannun nan nawa. Abin da har yau na kasa haɗiyewa ke nan.

Haihuwar fari ce, ta dawo gida wanka a ƙauyenmu, gabas da Gezawa. Safe da yamma Inna ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mata, ni kuma in biyo da kunu, kanwa ta ji zau. Cikin sati uku ƙafafunta suka cika, fuska ta yi ɓul-ɓul. Duk matar da ta shigo sai ta ce, "Kai, Inna, kin iya! Jego ya karɓe ta." Inna baki har kunne. Da ƙanwar tawa ta fara haki tsakanin ɗaki da banɗaki, muka ce sanyi ne ya shige ta, muka ƙara wa tukunya itace. An ce rashin sani ya fi dare duhu. Namu har da guɗa.

Rigakafin jariri ne ya kai mu ƙaramin asibitin garin, ba ciwonta ba. Malamar asibitin ta ji yadda take numfashi, ta danna mata ƙauri da yatsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Sai ta ɗauko 'yar na'ura haɗe da waya, irin wadda ake duba masu ciki da ita.

"Ai ta haihu, Malama," in ji Inna. "Me kuma za a gani?"

"Ba cikin zan duba ba, Inna. Zuciya."

Ta shafa mata wani abu mai santsi ƙarƙashin nonon hagu, ta ɗora. Na leƙa wayar. Ga zuciyar nan ta saki kamar tsohuwar jaka, tana motsi da ƙyar. Malamar ta ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, har ya kai huhu. A bar kanwa, a bar wankan, a wuce Kano yau ɗin nan.

Dubawar gaba ɗaya ba ta kai tafasar ruwan wanka ba. Mu kuwa sati biyar muna kallo muna yabo.

Mun wuce Kano. Ba ta yi arba'in ba. Ni na goyi ɗanta.

Bara matar maƙwabcinmu ta haihu, aka aiko aron tukunyar. Na shiga da kaina na zayyana musu komai. Uwar mijin ta ce, "Allah Ya ji ƙanta, kwananta ne ya ƙare." Na hana tukunyar, raina a ɓace. Kafin la'asar sun samo wata a gidan gaba, ina tsakar gida hayaƙinsu na shigowa ta kan katanga.