Rubutun Gefen Shafi

Ni dama ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Daga aji biyu na sakandare na bar makaranta, na taɓa acaɓa, na taɓa cajin waya a Batsari, duk ban daɗe ba. Sai wani ɗan unguwarmu ya kai ni wani ofis a Safana, inda ake ɗaukar hoton tsofaffin littattafan malamai a zuba a kwamfuta, saboda halin da ƙauyuka ke ciki. Aikina in ɗora shafi a na'urar ɗaukar hoto, in danna, in juya.

Akwai wani dattijon malami daga Runka da ya kawo gafakar mahaifinsa a bayan mashin. Takardu ne ba ɗinki, sun yi ja, rubutun tawadar gida. A tsakiya karatun littafin ne da manyan baƙaƙe. A gefe kuma ƙananan rubutu ko'ina, wani a kwance, wani a tsaye, wani ya bi kusurwa kamar jerin tururuwa. Ban tambayi ko mene ne ba. Muka gama, ya ɗaure gafakarsa ya koma gida.

To hotunan sun yi nauyi, sabis ya ƙi tura su babban rumbun da ake ajiya. Ogan ofishin zai tafi Katsina, sai ya ce min, "Akwai aikin da ake saki sau ɗaya, ya bi fayil ɗin duka ya rage musu nauyi. Ka fara gwadawa da shafi kaɗan, ka buɗe ka gani da idonka, sannan ka saki kan sauran. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Ranar ana buga ƙwallo da la'asar, hankalina yana gidan kallo. Na ga wani ɗan akwati a allon kwamfutar, wai a yanke gefen shafi. Na ce ai wannan ma ƙarin sauƙi ne, na danna shi. Na zaɓi duka, ban gwada komai ba. Kwamfuta ta tambaya ko na tabbata, don sabon zai hau kan tsohon, ba dawowa. Turancin nan na gane shi sarai. Na danna. Koren layi na cika na kulle ofis na ruga.

Bayan damina Malam ya dawo, ba gafaka. 'Yan bindiga sun shiga garinsu, ɗakin karatunsa ya ƙone har da gafakar, yanzu yana zaune gidan ƙanwarsa a nan Safana. Muka daɗe muna gaisawa, na yi masa jaje, sannan ya ce, "Ɗana, a buga min na Baba."

Na buga. Shafuka suka fito fes. Ya sa tabarau, ya juya ɗaya, ya juya na biyu.

"Ina na gefen?"

"Allah gafarta Malam, wane na gefe?"

"Na tsakiyan nan ai ana sayar da shi a kasuwa, a ka ma ina da shi. Na gefen shi ne hannun Baba. Abin da malaminsa ya faɗa masa, da wuraren da shi bai yarda ba."

Oga ya zo ya duba kwamfutar, ya daɗe, sannan ya ɗago ya kalle ni. Bakina ya riga ni, na ce, "Na'ura ce ta yi."

Oga bai tona ni ba. Malam ya cire tabarau ya ce, "To, na'ura ai ba ta san Baba ba. Haka Allah ya so." Har ya sa min albarka saboda wahalar da na sha a kan littafinsa. Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na sake buga masa duka, na bar fili fari mai faɗi a kowane gefe. Kusan kullum bayan azahar nakan je zauren gidan, in riƙa miƙa masa shafi, shi kuma yana rubuta abin da ya tuna da biro. Ni da ba na iya zama, ga ni nan a tabarma har la'asar. Wani shafin ya cika shi tas, yana dariyar gardamar mahaifinsa. Wani kuma sai ya riƙe shi ya daɗe, ya ɗora yatsa a kusurwa.

"A nan akwai magana. Doguwa ce, har ta zagayo ƙasa."

Can ya kifa shafin a kan sauran, gefen fari fat, ya miƙo hannu.

"Kawo na gaba, ɗana."