Ranar da Obin ɗin Mama Ya Ƙi Baba Likita

Duk wanda ya zauna a layinmu na Agege ya san kakana ba ya fita ba da sukundireba a aljihun gaba ba. Wasu tsofaffi carbi suke ja, shi kuwa ƙarfen nan yake shafawa. In ya ga inji, ko na wane ne, sai ya ɗora bakin sukundirebar a jikinsa, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Daga nan aka sa masa Baba Likita. Ni ma ban tsira ba. Ranar da na faɗi jarrabawar lissafi ya ɗora mini ita a goshi, ya saurara, ya ce, "Amarya, lafiya lau. Ba ƙara ko ɗaya. Babu kowa a ciki."

Kun tuna ranar da muka shiga danfo za mu Ogba? Ya dafa kafaɗar direba ya ce, "Yaro, injinka ba zai kai mu ba, ina jin numfashinsa." Kwandasta ya yi ta dariya. Motar ta kai mu lafiya, har da gudu. Da muka sauka na ce, "To Baba, ina mutuwar?" Ya gyara riga ya ce, "Kunyata ya ji."

Ga maƙo! Bai taɓa yarda wani abu ya mutu ba. Tsohuwar fanka, rediyo, dutsen guga, duk suna ƙarƙashin gadonsa. In ka ce a zubar sai ya ce, "Suma ta yi." Kuma ba ya biyan kowa aikin da yake ganin hannunsa zai iya, wato duk aikin duniya.

To ranar da nake so in ba ku labari ita ce ranar yinin bikin Yaya Zainab. Mama ta yi alkawarin kek ɗin da za a tarbi dangin ango da shi, da hannunta za ta gasa. Dalili kuwa, gwaggon ango, wata Hajiya mai baki kamar reza, ta taɓa cewa a gaban mutane matan Legas ba su iya komai ba sai saye a leda. Maganar ta tsaya wa Mama a wuya. Bayan la'asar za su iso.

Obin ɗin Mama na gas ne, tokumbo, wato na hannu daga ƙasar waje, ƙato kamar wadirob. Yana da wata ƙaramar fanka a baya. In an kunna, ita ke fara juyawa ta ja hayaƙi ta tura shi cikin bututun da ya fita ta bango ya miƙe sama, sannan a ji ƙas-ƙas-ƙas, wuta ta kama. In fankar ba ta juya ba, obin ba ya sakin gas ko za ka yi masa kuka.

Da hantsi Mama ta gama kwaɓi, ta zuba a gwangwanaye, ta murɗa makunnin obin. Sai muka ji "mmmmm". Shi ke nan. Ba ƙas, ba wuta.

Baba yana tsakar gida tun safe yana masifar an sace masa hular da zai sa a biki, har ni ya tuhuma. Da ya ji gurnanin nan sai ya manta da hula, ya shigo kicin ido na ƙyalli.

Ku sani, Mama surukarsa ce, matar ɗansa. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta kama sunansa, balle ta ce masa ya bari. Sai ta juya ta kalli bango ta ce da ni, "Ummi, ki ce wa Baba ko a kira mai gyara."

"Baba, wai ko a kira..."

"Na ji. Ki ce mata mai gyara ya iso."

Ya ɗora sukundireba ya saurara. "Wuta ce ba ta da ƙarfi." Aka tayar da janareta. Mmmmm. "To kafasita ce." Wato wani ɗan gwangwani da ke ba fanka ƙarfin tashi. Ya aike ni ƙarƙashin gado na ciro ta jikin wata fanka da ta suma tun kafin a haife ni. Ya sauya. Mmmmm. Ya taɓa injin fankar ya janye hannu da sauri, ya yi zafi kamar kaskon masa.

Kwaɓin nan kuwa yana zaune yana kallonmu, ya fara kwanciya. Mama ta leƙa shi ta leƙa agogo, ta ce wa bango, "Ummi, ki ce wa Baba kwaɓi ba ya jira."

"Ki ce mata haƙuri ma sinadari ne."

Ana haka Oga Tunde, maƙwabcinmu mai gyaran janareta, ya leƙo. Hausarsa ta fi tawa. Ya duba ya ce, "Baba, e jo, don Allah, abu mai sauƙi. Ga wayoyi biyu nan, su ke gaya wa obin fanka na aiki. A haɗe su kawai, zai ɗauka tana juyawa, ya kama."

Baba ya miƙe tsaye. "Ka yi wa inji ƙarya? A gidana? Tunde, abin nan da ya ƙi kamawa ya fi ni da kai hankali. Hayaƙin ina zai bi?"

Sai aka kira azahar. Baba ya ɗaga yatsa ya ce kada wanda ya taɓa, ya tafi masallaci.

Yana fita wayar Yaya ta yi ƙara: dangin ango sun taso da wuri saboda cunkoso. Mama ta zauna a kan turmi. Oga Tunde ya ce, "Maman Zainab, minti kaɗan ne, kafin ya dawo an gama." Mama ta juya ta kalli bango. Ya haɗe wayoyin.

Ƙas-ƙas-ƙas. Bum!

Wutar ta kama, amma ba shuɗiyar da muka sani ba. Ja ce, tana lilo, tana leƙowa ta ƙasan ƙofar obin tana lasar fenti. Wani wari ya cika kicin, idona ya fara yaji. Tukunyar gas tana nan a kusurwa, taku kaɗan daga harshen wutar, ga yaran biki cike da tsakar gida. Oga Tunde ya ce "Ye!" ya ja da baya har ya taka ni. Ni kuwa na tsaya ƙyam ina kallon wutar.

Ban san lokacin da Baba ya shigo ba. Na dai ji an fizge ni ta wuyan hijabi an jefa waje. Ya daka tsawar da ban taɓa ji ba: "Kowa titi! Ku kwashe yara!" Sannan ya dubi Mama ido cikin ido, karo na farko a rayuwata, ya ce, "Rabi, fita!" Ta fita. Shi ya koma ciki shi kaɗai, ya ja hannun riga ya rufe hanci.

Muna titi muna salati. Ba abin da ake ji sai janareta. Sai ga shi ya buɗe taga, yana tari, gefen gemunsa ya ƙone. Ya rufe tukunyar.

"Tunde," ya ce, "zo ka warware ƙaryarka."

Da iska ta wanke kicin, obin ya huce, ya kwance murfin fankar. Hannunsa bai shiga ba, ya ce in zura nawa. Na taɓa wani abu mai laushi cushe tsakanin fukafukan. Na ce ɓera ne, na kurma ihu. Ya ce, "Ja, amarya, sadakinki ne." Na ja, na ja, sai ga hula. Zanna bukar. Tasa.

Ashe jiya ya ƙi kai ta wurin mai wankin hula, ya wanke da kansa, ya hau tsani ya kifa ta a bakin bututun don ɗumi ya busar da ita. Ruwan daren ya jiƙa ta, ta zurma ciki har fanka.

Mama ta juya ga bango, kafaɗunta na girgiza. Da ƙyar ta ce, "Ummi, ki ce wa Baba an ga ɓarawon."

Ya karɓi hular, ya karkaɗe, ya duba ta ciki da waje. "Ai na ce muku tana cikin gidan nan."

Aka mayar da murfi. Fanka ta juya, wuta ta kama shuɗiya. Kek ɗin bai tashi sosai ba, ya fito gajere kamar an zauna a kansa, kuma baƙi sun riga shi isowa. Amma da zafinsa aka kai. Hajiya mai baki ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta ce, "Wannan dai ba na leda ba ne," ta tura na uku cikin jaka. Baba kuwa da hular ya zauna a gaban maza, baƙin giris a gefe guda, rabin gemu a ɗaya gefen, yana karɓar gaisuwa.

Da daminar bana ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Muna ta ba da labarin hular muna dariya, amma ni abin da ke dawo mini shi ne bayansa, lokacin da kowa ke gudu waje shi yana shiga. Ya Allah, tsohon nan ya tsaya tsakaninmu da wuta. Ka tsaya tsakaninsa da ita. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.